Raddi Ga Masu Cewa Tsohuwar Mota Sai Mai Kauri

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin direbobi da makanikai daga Anka har Gummi, ta kuma shigo mana Gwashi: wai mota in ta kwana biyu, ba a tambayar komai, a ɗura mata baƙin mai mafi kauri. Masu faɗinta manyanmu ne a sana'a, kuma ba don cuta suke faɗa ba. Amma injinan mutane na mutuwa a kanta, saboda haka zan bi hujjojinsu.

Sun ce inji ya sha aiki, ringi ya saki, kauri ne zai cike gurbin. A nan suna da rabin gaskiya. Fijo 504 da 505 da aka harhaɗa a Kaduna, da irinsu Golf 3, an ƙera su a zamanin da 15W-40 da 20W-50 suke man yau da kullum, kuma suna zama lafiya da su. Kuskuren shi ne ɗaukar hukuncin Fijo a ɗora wa Corolla ta 2003 zuwa 2008. Injin wannan Corolla yana da VVT-i, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kuma da matsin mai take aiki, ta wasu ƙananan hanyoyi masu 'yar raga. Toyota 5W-30 ta rubuta masa. In aka ba shi 20W-50, man kan yi jinkirin hawa saman inji a tashin farko na safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Motar da ta fara shan mai ana iya ɗaga mata mataki ɗaya, daga 5W-30 zuwa 10W-40, a sa ido a kan geji. Ringin da ya mutu kuwa canji yake so. Kauri yana rage hayaƙi na ɗan lokaci, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye.

Sun ce ƙasarmu da zafi, siririn mai na Turai ne. To, lamba ta biyu a jikin galan, 30 ko 40 ko 50, ana auna ta ne a digiri 100, kusa da zafin da mai ke aiki a cikin inji ko a Jamus ko a Bukkuyum. Ranar bazara da ke kai digiri 40 ba ta kai rabin wannan ba. Lagireto da fanka da tamostat ne ke tsare zafin inji. Abin da ya fi damuna shi ne masu wannan hujja su ne kuma ke cire tamostat da zarar mota ta iso daga Kwatano. Sai inji ya daɗe bai ɗauki zafinsa ba, musamman da sanyin hunturu, fetur ya riƙa zurarewa cikin mai yana tsinka shi. Su da kansu suka tsinka man, sannan suka nemi mai kauri.

Sun ce man sintetik yana sa tsohon inji yoyo. Ba ya huda komai. Yana iya wanke daskararren datti da ya toshe sil ɗin da ya riga ya bushe, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana. Don haka ne kamfanoni ke yin mai na musamman ga motar da ta wuce mil 75,000, wajen kilomita 120,000, da sinadarin da ke tausasa robar sil. Sai dai kada a dogara da mita, domin da yawa an juya ta baya ko ta tsaya cik.

Hujjar da ta fi ɓarna ita ce ta ciko: wai motar da ke shan mai ba ta buƙatar juye, tunda kullum ana ƙara sabo. Abin da ke ƙonewa mai ne. Ƙura da toka da ɓarɓashin ƙarfe suna nan a ƙasa suna taruwa, kamar tukunyar da ake ta ƙara wa ruwa ba a taɓa wanke gindinta ba. Motar da ke bin hanyar burji tsakanin ƙauyukanmu, da lodin buhunan hatsi da fasinja, a cikin ƙurar rani, tana cikin abin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani, kuma su da kansu sun ce a gajarta wa'adin juye. Kilomita 5,000 ya isa ga mai na gama-gari, tare da sabuwar filta. Filtar iska da ta yage ta fi kowane kuskuren lamba saurin kashe ringi.

Sai gwajin yatsa, a murza mai a ce wannan da ƙarfi. Yatsa ba ya gane sinadarin wanki ko na kare ƙarfe. Man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya yakan zama gundarin mai da ba a zuba masa komai ba, ko kwandem da aka tace, kuma hukumar SON ta sha gargaɗi a kan jabun mai. A duba galan a rufe yake, a duba harafin API: SL na 2001 ne, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020, kuma sabo yana maye gurbin tsoho a injin fetur. Mai harafin C na dizal ne, na Kanta da manyan motoci. Wanda zai je Gusau ko Sakkwato ya sayo galan biyu daga dillalin da aka sani, ya ajiye ɗaya don ciko, ya kuma rubuta ranar juye a jikin katin da zai rataya kusa da sitiyari.