Ƙodar Kyauta Tsakanin Jiki Da Jiki: Amana Ce A Cikin Tasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. 

A wannan mako za mu yi magana a kan wani ɗan lokaci wanda ba a cika ambatonsa ba idan ana zancen dashen ƙoda, watau lokacin da aka ciro ƙodar daga jikin mai bayarwa, ba a kai ga sa ta cikin jikin majinyaci ba tukuna. Wannan zance ya shafe mu, domin ciwon ƙoda ya yi yawa a tsakaninmu, kuma tun shekarar 2002 ake yin dashe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, bayan an fara shi a Ikko a shekarar 2000.

Tun da Dokta Joseph Murray ya yi nasarar dashen ƙoda tsakanin wasu tagwaye a birnin Bostan ta Amurka a shekarar 1954, likitoci suka san cewa babban abokin gabarsu shi ne lokaci. Da zarar an datse jijiyar da ke kai wa ƙoda jini, ta fara galabaita ke nan. Saboda haka cikin 'yan mintoci ake fito da ita a miƙa wa wani likita da ke jira a wani tebur a gefe. Shi kuwa sai ya sa ta cikin tasa mai ƙanƙara, ya ɗura wani ruwa mai sanyi ta jijiyarta har jinin da ke ciki ya fice sarai, launinta ya koma fari-fari. Sanyin yakan kai misalin daraja 4 a ma'aunin zafi, kuma amfaninsa shi ne ya rage bukatar naman ga iska da abinci, kamar mai barci mai nauyi. Ruwan nan ba ruwan banza ba ne, haɗi ne na gishiri iri-iri wanda ke hana naman kumbura. An fito da irinsa na farko da ya shahara a shekarar 1969, sa'an nan Jami'ar Wiskonsin ta fito da nata a ƙarshen shekarun 1980.

Bayan wankewa sai gyara. Likita zai yanke kitsen da ya yi yawa, amma ya bar wanda ke kewaye da bututun fitsari, domin ta nan bututun ke samun jini. Zai ɗaure ƙananan jijiyoyi, ya duba ko akwai inda ke yoyo. Mutane da dama Allah Ya halicce su da jijiya biyu ko uku masu kai jini ga ƙoda ɗaya, to, sai ya ɗinke su su zama baki ɗaya da zare mai siranta kamar gashi. Galibi ƙodar hagu ake ɗauka, saboda jijiyarta mai fitar da jini ta fi tsawo. Idan hanta ce, wani yanki ake yankowa daga mai bayarwa, a gyara bakin jijiyoyinsa a kan teburin, kuma cikin ikon Allah abin da ya rage yakan tofo cikin makonni. A yau har akwai na'urar da ke zagaya jini mai ɗumi cikin ƙoda alhali tana waje, an kuwa fara gwada ta ga majinyata a Ingila.

To, mene ne hukuncin wannan tsoka da ke kwance cikin tasa? Wasu sukan ce ai abin da aka yanke daga mai rai mushe ne, yaya mutum zai yi salla ɗauke da mushe a cikinsa? Amsa ita ce, magana mai rinjaye a wajen malaman Malikiyya ita ce ɗan Adam mai tsarki ne, yana raye ko ya mutu, don haka abin da ya rabu da jikinsa ma mai tsarki ne. Bugu da ƙari, ƙodar nan ba ta mutu ba, sanyaya ta aka yi. Da an haɗa jijiyoyinta aka saki jini sai ta yi jawur, sau da yawa ma ta fara fitar da fitsari tun ba a rufe cikin majinyacin ba.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a shekarar 1985, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda, a shekarar 1988, duk sun halatta ɗaukar gaɓa daga mai rai bisa sharuɗɗa: ya zama da yardarsa, kada ta zama gaɓar da ransa ya rataya a kanta kamar zuciya, kuma amfanin ya rinjayi cutarwar. Majalisar Jidda ta kuma hana ciniki a kai. Akwai malaman da suka ƙi yarda da dashe gaba ɗaya, kamar Shaihu Sha'arawi na Masar, hujjarsu kuwa ita ce jiki mallakar Allah ne. Mu a ganinmu, wannan hujja ita ce ke nuna nauyin abin da ke cikin tasar nan. Tun da ba mallakar mai bayarwa ba ce balle ya sayar, ba ta likita ba ce balle ya yi sakaci, ashe amana ce.

Mai bayarwa lafiyayye ne, ya kwanta an yanka shi ba don ciwon kansa ba, kuma ba shi da wata ƙodar da zai sake bayarwa. Idan aka yi jinkiri, ko wutar lantarki ta ɗauke babu tanadi, ko aka ɗinke jijiya da gaggawa har ta toshe, to, an yi asarar kyautar da ba ta da madadi. Don haka wajibi ne a kan hukuma kada ta bar asibitin da bai cika sharuɗɗa ba ya taɓa wannan aiki. Haƙƙin iyalai ne kuma su tambayi likita sau nawa ya yi irin aikin, wa zai gyara ƙodar, kuma wa zai ci gaba da duba mai bayarwa bayan an sallame shi.

Haka nan muna jan kunnen matasa game da dillalan da ke yaudararsu da kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta haramta sayar da gaɓa, kuma mun ga yadda wata kotu a Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu a shekarar 2023 saboda kai wani saurayi can don a cire masa ƙoda. Ruwan sanyi yana wanke jini daga ƙoda, amma ba ya wanke zalunci daga wuyan wanda ya saya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu bayarwa da alheri, Ya ba likitocinmu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.