Sulhun Ɗakin Fasto da Awa 72 na Asibiti

A watan Satumba 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta gyara dokar laifuffuka: wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. Jama'a sun yi murna. Amma mu da muke zaune da iyalai mun san inda gizo ke saƙa. Sau da yawa mai laifin ba baƙo ba ne, kawu ne, ko maƙwabci, ko mijin uwar ɗakin da aka kai yarinya aikatau, wani lokaci ma malamin makarantar Lahadi. Tsananin hukuncin sai ya ƙara wa dangi dalilin rufa asiri, a kawo maganar gaban dattawan ikkilisiya a ce a yi sulhu.

'Yan'uwa, yayin da ake zaman sulhun nan lokaci yana wucewa. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar HIV bayan fyaɗe dole a fara shi cikin awa 72. Shaidar da likita zai ɗauka a jikin yarinyar ma ba ta jira. Uwa cikin ruɗu takan yi wa 'yarta wanka ta wanke tufafin, ba ta san ta wanke abin da kotu za ta dogara da shi ba. A tafi asibiti tukuna ba tare da wanka ba, a naɗe tufafin a takarda, ba a leda ba. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama, har da Kakuri da Kafanchan, da aka buɗe domin wannan aiki.

Yaro ba kasafai yake faɗa da baki ba. Wanda ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yake gudun wani babba, ko tafiyarsa ta canza, a zauna da shi. In ya buɗe baki, a saurara, kada a tsawata, kada a sa shi ya maimaita labarin gaban kwamiti.

A 2 Sama'ila 13, Absalom ya ce wa Tamar ta yi shiru, Dawuda ya husata amma bai hukunta Amnon ba, gidan kuwa ya ƙare da zub da jini. Gafara tana da wurinta, mai laifi ma yana bukatar fasto. Sai dai binciken laifi aikin 'yan sanda ne da kotu, fasto kuwa ya raka iyalin har can.