Labarin Ƙasashe: Kukar Madagaskar

Madagaskar babban tsibiri ne a tekun Indiya, gabas da Afirka. Ruwan da ya raba shi da ƙasar Mozambik ya kai kilomita 400. Girmansa ya kusa rabin Nijar. Ya samu mulkin kai daga Faransa a shekarar 1960, shekara ɗaya da Nijar. Mutanensa manoman shinkafa ne da makiyayan shanu masu tozo.

Tsibirin ya rabu da sauran ƙasashe tun zamani mai nisa ƙwarai. Shi ya sa yawancin namun dajinsa da itatuwansa babu su ko'ina sai can. Babu zaki, babu giwa, babu kura. Amma akwai wata dabba mai kama da biri, mai manyan idanu, ana ce mata lemur. Irinta ya fi 100. Kusan rabin ire-iren hawainiyar duniya ma can suke.

Abin da zai fi ba manomin Nijar mamaki shi ne kuka. A Nijar iri ɗaya aka sani. A duniya duka iri 8 ne, kuma 6 daga ciki Madagaskar kaɗai ke da su. A shekarar 2024 masana suka bayyana cewa asalin kuka daga tsibirin ne. Ruwan teku ne ya ɗauko irinta ya kawo Afirka. Ashe kukar miya baƙuwa ce da ta daɗe.

Wadda ta fi tsawo tana yamma, wajen garin Morondaba. Tana kai mita 25 zuwa 30, miƙe sumul, sai can bisa take da rassa. Mutanen wurin suna ce mata renala, wato uwar daji. Furenta yana buɗewa da almuru. Ƙananan lemur suna hawa su sha zaƙinsa, su kwashi garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Ta haka take samun ƴaƴa. A Afirka jemage ke yin wannan aiki.

A kudu, inda ruwa ke wuya, mutanen Mahafali suna huda cikin kuka su mai da ita randa. Da damina su cika ta da ruwan sama, da rani iyali su sha. Itacen ba ya mutuwa, kuma ɗa yana gadonsa wurin uba.

To, ga inda damuwa take. Tsofaffin kukoki suna tsaye, amma a wurare da yawa ƙanana sun yi kaɗan. Ana sare daji a sa wuta don noman masara da gujiya. Bayan ƴan shekaru gona ta gaji, a ƙara gaba. Babbar kuka tana iya jure wuta, amma tsiro ba ya jurewa. Wanda ya tsira kuma, shanu da awaki su cinye shi. Idan daji ya tafi, lemur ba ta da wurin kwana. A ƙidayar shekarar 2020 an ga kusan duk ire-iren lemur suna cikin haɗarin ƙarewa.

Tsibirin ya taɓa yin irin wannan hasara. Da can akwai wani ƙaton tsuntsu da ba ya tashi, ƙwansa ɗaya ya kai na kaza wajen 150. Ya ƙare shekaru kamar 1,000 da suka wuce. Yau sai ɓawon ƙwansa ake tsinta cikin rairayi. Manomin da irinsa ya ƙare yana iya roƙon maƙwabci. Abin da tsibiri ɗaya kaɗai ke da shi, idan ya ƙare babu maƙwabcin da za a roƙa.

A shekarar 2007 gwamnatin Madagaskar ta sa kukokin hanyar Morondaba cikin tsaro. Mutanen ƙauyuka suna renon dashe, suna yi masa shinge. Manoman Mirya, a jihar Damagaram, sun san wannan aiki, don su ma suna barin tsiron kuka cikin gona suna tsaronsa har ya fi ƙarfin akuya. Kuka tana rayuwa ɗaruruwan shekaru, amma shekarunta na farko ne take bukatar mutum.