Waya ko Garmin: Wanne Za Mu Riƙe Idan Kwalta Ta Ƙare?



A labarai da dama da muke karantawa, idan marubuci yana son jaruminsa ya ɓata a daji, sai ya rubuta cewa sabis ya ɗauke, taswirar waya ta mutu. Jimlar tana da daɗi a kunne, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Wannan kuskuren bai tsaya a takarda ba. Shi ne yake sa matafiyi ya sayi na'urar da ba ya bukata, ko ya shiga jeji da wayar da bai shirya ta ba.

Sabis daga turakun kamfanonin waya yake zuwa. GPS kuwa taurarin ɗan'adam ne na Amurka, aƙalla 24, suna kewaya duniya sau biyu a rana, a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. Idan na'ura ta ji siginar guda huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Sauraro kawai take yi, ba ta bukatar data ko kati. Wayoyin yanzu ma suna haɗawa da taurarin Turai, Rasha da Sin. Don haka waya tana sanin inda take ko a tsakiyar Tenere. Abin da ke ɓacewa idan babu sabis shi ne hoton taswirar, sai mutum ya ga ɗigo shuɗi a kan farin fili.

Maganin wannan a gida ake yinsa. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna barin mutum ya sauke taswirar jiha ko ta ƙasa gaba ɗaya kafin ya fita. Google Maps ma yana sauke yanki, sai dai idan babu intanet hanyar mota kawai yake lissafawa, ba ya ba da ta mai tafiya a ƙafa. Mun kuma ga shaida a ƙasarmu. A yaƙin da aka yi da shan inna a arewacin Nijeriya, wayoyin Android masu GPS aka riƙa ba ma'aikatan rigakafi, suna adana sawunsu a ƙauyuka da rugage, daga baya a duba a ga inda aka shiga da inda aka tsallake.

Ra'ayinmu ke nan: ga mafi yawanmu waya ta isa. Ɗalibin da zai je auna gona, da marubuciyar da za ta je ganin Yankari don littafinta, da mai neman wani ƙauye bayan kwalta ya dawo a ranar, duk ba su da dalilin kashe kuɗi a kan na'ura ta biyu. Fuskar waya ta fi faɗi, taswirarta ta fi kyan gani, kuma hannu ya riga ya saba da ita. A sauke taswira, a cika caji, a riƙe fawa-bank, a kashe layi don kada wayar ta ƙona batir wajen neman sabis ɗin da babu.

To ina amfanin na'urar hannu irin su Garmin? Amfaninta yana bayyana ne a rana ta biyu da ta uku. Waya tana da raunin da ba ya nuna kansa a gari. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Agadas da Bilma zafi yana haura 40 a watan Mayu. Waya a gaban mota cikin wannan rana takan rage haske, ta ƙi caji, ko ta tsaya cak. Idan ta faɗi a kan dutse fuskarta ta fashe, taswira da fitila da lambobin 'yan'uwa sun tafi lokaci guda. Ƙaramar Garmin eTrex kuwa da batir biyu irin na tocila take aiki, tana kai kusan awa 25, idan ya ƙare a cire a sa wani. Maɓallai gare ta, ana karanta ta a tsakar rana, ruwan sama ba ya hana ta aiki. Shi ya sa direbobin sahara, da masu zuwa haƙar zinare a Jado tun da aka gano shi a 2014, suka riƙe ta.

Wani zai ce ai da fawa-bank da ƙaramar sola an gama magana. Muna ganin an rage matsalar caji ne kawai, zafi da faɗuwa suna nan. Ƙa'idar da muke ba da shawara a kanta mai sauƙi ce. Idan tafiyar ta yini ɗaya ce kuma akwai mutane a hanya, waya. Idan za a kwana biyu ko fiye a inda ɓata hanya ke nufin ƙarewar ruwa, kamar hanyar Dirku, a riƙe duka biyun: waya don kallon taswira, na'urar hannu don adana sawu da alamar rijiyoyi.

Akwai kuma abin da dukansu ba sa yi. GPS yana gaya maka inda kake, ba ya gaya wa kowa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. A irin wannan hali, lambobin wuri a fuskar na'ura ba sa kawo ruwa sai an sami hanyar isar da su, ko ta wayar tauraro irin Thuraya, ko ta wani da aka bari a gida ya san hanyar da aka bi da ranar da ya kamata a dawo. Haka nan babu taswirar da ke nuna rijiyar da ta ƙafe bana, ko dajin da 'yan bindiga suka koma makon jiya. Wannan sai ɗan gari. Ayarin gishiri ya shekara ɗaruruwa yana ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma a bayan madugu, kuma har yau matambayi ba ya ɓata.

Mu da muke riƙe da alƙalami, wannan ilimi jari ne. Idan za mu ɓatar da jarumi a jeji, mu ɓatar da shi yadda mutane ke ɓata da gaske: batir ya mutu da la'asar, ko bai sauke taswira ba, ko yana kallon ɗigonsa sarai amma ba shi da hanyar kiran kowa. Direban Agadas da ya karanta zai san mun yi bincike, yaron da ya karanta kuma watakila ya sauke taswira kafin ya bar gida.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman waɗanda suka taɓa bin waɗannan hanyoyi. Allah ya kiyaye mana hanya.