Sayen Gona a Bakin Yaƙi



A farkon watan Janairun 2020 'yan Boko Haram suka afka wa garin Michika a jihar Adamawa, suka tafi da Rabaran Lawan Andimi, fasto a Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar. Bayan 'yan kwanaki faifan bidiyonsa ya fito, da yawa cikinmu mun kalle shi a waya. Yana zaune a hannun waɗanda suka kama shi, muryarsa ba ta rawa. Ya roƙi shugabannin ekklesiyarsa da gwamnan jiharsa su yi ƙoƙari a sake shi. Sannan ya ce shi bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya tsinci kansa a ciki, a hannun Allah yake. Ya ce da yardar Allah zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa. In kuwa hakan bai samu ba, wataƙila nufin Allah ke nan, kada a yi kuka, a gode wa Allah.

An yi addu'a a majami'u, an durƙusa a gidaje. Ranar 20 ga Janairu aka kashe shi.

Da wannan na fara domin yawancin abin da ake faɗa mana yau game da lokacin Allah ba zai iya tsayawa a gaban iyalin mutumin nan ba. Ku tuna irin wa'azin da ake yi a daren shiga sabuwar shekara. Wannan shekara taka ce. Kafin Ista za ka ga canji. Kafin wata uku ya cika za a kira ka aiki. Mutane kuwa suna ɗaga hannu suna cewa amin da dukan zuciyarsu, kuma ban ga laifinsu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da kuɗin kwanon masara suka fi ƙarfin albashi. Ga saurayi ya gama bautar ƙasa, takardunsa na cikin jakar leda a ƙarƙashin katifa. Ga mace shekara goma a gidan miji ba haihuwa, dangi sun fara magana ƙasa-ƙasa. Wanda ke cikin irin wannan hali rana yake so a yanka masa. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya in ranar ta wuce ba a ga kome ba. Sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko baikonsa ne ya yi kaɗan. Ya zo da nauyi ɗaya, ya koma gida da biyu.

Wannan ciniki tsoho ne. Littafin Irmiya, sura 28, ya ba da labarin wani annabi mai suna Hananiya. A lokacin Sarkin Babila ya riga ya kwashe mutanen Yahuza da kayan Haikali ya tafi da su. Hananiya ya miƙe a gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara 2 kome zai dawo. Har ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta, don kowa ya gani da idonsa. Irmiya da kansa ya ce amin, Allah ya sa haka, domin shi ma yana ƙaunar mutanensa, shi ma yana so su dawo. Amma saƙon da aka ba shi dabam ne. A sura 29 ya rubuta wa waɗanda ke bauta a Babila wasiƙa, ya ce shekara 70 za a yi. Ya ce su gina gidaje, su yi lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa garin da ya bautar da su addu'ar zaman lafiya. Ku auna wannan da kyau. Dattijon da aka karanta wa wasiƙar nan ya san a Babila za a binne shi. Alkawarin gaskiya ne, amma jikokinsa ne za su gani.

Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki a dukan littafin, a sura 32. Sojojin Nebukadnezzar, Sarkin Babila, sun kewaye Urushalima. Irmiya yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, domin sarki Zadakiya ya gaji da jin bakinsa. Sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce masa ya sayi gonarsa da ke Anatot, garinsu, tun da shi ke da haƙƙin fansarta. Wa ke sayen gona a ƙasar da abokan gaba suka mamaye? Irmiya ya auna azurfa shekel 17 ya biya. Aka rubuta takarda, aka kira shaidu, aka buga hatimi. Ya miƙa wa magatakardansa Baruk takardun ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe ba su lalace ba, domin wata rana za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Da ya gama kuma bai yi kamar ya fahimci kome ba. Ya juya ga Allah cikin addu'a ya ce ga abokan gaba a bakin ganuwa, ga yunwa, ga annoba, amma ka ce in sayi gona. Ya biya kuɗin, ya kuma yi tambayar. Ba da daɗewa ba birnin ya faɗi, daga baya aka tafi da Irmiya Masar ba da son ransa ba.

Manoman arewa sun san irin wannan aiki, shi ne binne. Mutum ya fita da iri a ƙarshen rani, ƙasa a bushe ƙamas, babu ko gajimare, ya zuba hatsin da zai iya ci yau a cikin rami ya rufe. Ba shi ke da ruwan ba, bai kuma san ranar saukarsa ba. Wata shekara ruwan ya yi jinkiri iri ya lalace, ya sake nemo wani. Ya san dai Mai ruwan, ya san kuma nasa aikin.

Mun ga wannan bangaskiya da idonmu a EYN. Ekklesiyar ta faro ne a Garkida a watan Maris na 1923, da sujada a gindin wata tsamiya. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ekklesiya ne. A ƙarshen Oktoban shekarar Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, Musulmi da Kirista suka bazama daji tare, hedkwatar ekklesiyar da ke Kwarhi ita ma aka mamaye ta, shugabanni suka koma Jos da zama. An ƙone majami'u ba iyaka. Wasu 'yan ekklesiyar daga yankin Gwoza suka tsallaka Kamaru, suka zauna a sansanin Minawao. A wancan lokaci babu mai iya ce maka za a sake yin sujada a Michika ko Madagali. Ekklesiya ce da aka gina a kan koyarwar zaman lafiya, kuma a tsakiyar wannan wuta shugabanninta suka ci gaba da hana matasa ramuwar gayya. Aka raba wa waɗanda suka koma gida iri da taki, aka buɗe tarurrukan warkar da zukatan da suka ga abin da ba ya faɗuwa, matan zumunta suka ci gaba da waƙa a ƙarƙashin rumfar kwano inda da akwai gini. Shugabannin ekklesiyar suka koma Kwarhi, kuma a 2023 suka yi bikin cika shekara 100. Sun yi bikin alhali kujeru da yawa babu masu su.

A nan dole in faɗi wata magana ga masu mulki. Akwai yadda ake ɗaukar kalmar haƙuri a mayar da ita bargon rufe gazawa. A kashe mutane a ƙauye, jami'i ya zo ta'aziyya ya ce a yi haƙuri, a ci gaba da addu'a, ya shiga mota ya tafi, ba a kama kowa ba. Imanin Kirista cewa Allah ne ke mulki bai sauke wa gwamna ko kwamanda nauyin da ke wuyansa ba. Ya ma ƙara masa, domin in Allah ne Sarkin sarakuna, to akwai inda mai kujera zai ba da lissafi. Rabaran Andimi da ya miƙa ransa ga nufin Allah, a cikin faifan nan dai ya kira gwamna ya taimaka. Bayan mutuwarsa CAN ta kira azumin kwana 3, kuma ranar 2 ga Fabrairun 2020 Kiristoci suka fito tituna a garuruwa da dama suna neman a kare rayuka. Azumi da tattaki daga zuciya ɗaya suka fito.

Har yanzu akwai masu jira. An sako 'yan Chibok 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, wasu sun kuɓuta ɗaya-ɗaya da 'ya'ya a goye, wasu da dama babu labarinsu, kuma cikin iyayen akwai waɗanda suka rasu suna jiran. Leah Sharibu da aka ɗauke a Dapchi ranar 19 ga Fabrairun 2018 tana 'yar shekara 14, an dawo da yawancin abokan karatunta bayan wata ɗaya, ita aka riƙe ta domin ta ƙi barin addininta.

'Yan'uwana fastoci da dattawan ekklesiya, in kun shiga gida irin wannan, ina roƙonku kada ku yanka musu rana, kada kuma ku yi saurin bayyana musu dalilin Allah, domin ba a gaya muku ba. Ku zauna a tabarma tare da su. In uwa ta ce Allah ya yi jinkiri, ku bar ta ta faɗa, Zabura cike take da masu irin wannan kuka kuma ba a kore su ba. Ku tambaya ko an biya wa ƙannen kuɗin makaranta, ko akwai wanda zai taya su noma bana. Ku ambaci sunan yarinyar a addu'ar ranar Lahadi, ku kuma rubuta shi a takardar da za ku kai wa ɗan majalisarku.