Motar lantarki a jikin janareta: Ka gama dariyar, zo mu yi lissafi

Na san ka taɓa cin karo da irin hoton nan a Facebook ko TikTok: dalleliyar motar lantarki a ƙofar gida, an jona ta da janareta, yana ta ƙugi yana tuttular hayaƙi. Kowa na ta sheƙa dariya, wai an gudu ba a tsira ba. Ni ma na dara. Amma da na ɗauki biro da takarda, wallahi sai dariyar ta ɗauke.

Mu ɗauki Hyundai Kona, motar lantarkin da aka harhaɗa a Legas. Babban batirinta na cin kilowat-awa 64, wanda zai kai ka sama da kilomita 400, kusan Kano zuwa Abuja. To, janaretan gida mai ba da kilowat 2 sai ya yi sama da awa 30 yana aiki kafin ya cika shi. Ɗan ƙaramin nan na masu shago kuwa, ko ɗauka ba zai yi ba.

Sai batun mai. Ƙaramin janareta ɓarna gare shi, yawancin ƙarfin fetur ɗin da ya sha a zafi da ƙara yake tafiya. Kafin batirin ya cika ka ƙona lita 30 ko fiye, kusan abin da motar fetur mai girmanta za ta sha a wannan tafiyar. Ka ga ke nan ba ka rage kashe kuɗi ba, ba ka rage hayaƙi ba, wurin fitarsa kawai ka canza, daga titi ka dawo da shi tsakar gidanku. Kuma kar ka manta, hayaƙin janareta na kashe mutane suna barci.

Shin motar ce mai laifi? A'a. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane kilowat-awa. Ko a wannan farashi mai zafi, cika batirin bai wuce naira 14,400 ba, ban da ɗan abin da ke salwanta wajen caji. Kai ka san nawa lita 30 take a gidan mai tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Matsalar ita ce wutar: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana ta fama da megawat 4,000 zuwa 5,000.

Amma fa Allah ya hore mana rana. A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe wurin cajin mota na sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas masu shan fetur suka koma aiki da batir, da hasken rana ake cajinsu.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in wani gwamna ya zo yana yanka ribon na motoci ko adaidaita sahu masu lantarki, kar ka tsaya a tafi, kar kuma ka tsaya a zolaya. Tambaye shi: a ina za a yi caji, da wace wuta, nawa ne? In amsar janareta ce, to matashin da ya karɓi bashin keken shi zai kwana a ciki, ga kuɗin mai ga biyan bashi. Wannan matashin kuwa yana iya zama ƙaninka, ko kai kanka bayan ka gama bautar ƙasa.