Shekarun Keken Lantarki a Batirinsa Suke

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 tun kafin azahar, wani abokin karatunmu ya shigo aji bayan malami ya ci rabin darasi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Keken lantarkin da ya saya a hannun wani mutum mako uku kafin nan ne ya mutu masa a tsakiyar gadar Kennedy, sai da ya turo shi har ƙofar tsangaya. Keke ne mai kyan gani, fentinsa bai koɗe ba, tayoyinsa ba su suɗe ba. Mai sayarwa ya ce masa lafiyarsa lau, kuma bai yi ƙarya ba, domin a ranar cinikin keken ya tashi, ya yi gudu, fitila ta kama, birki ya ci. Abin da bai faɗa ba shi ne batirin da a da yake kai mai shi kusan kilomita 40 yanzu da ƙyar yake kai 15.

Tun daga ranar muhawara ba ta ƙare a tsakaninmu ba, kuma ta cancanci a yi ta. Ɗalibin da ke zaune a Talladje ko Banifandu, wanda kullum sai ya ƙetare kogi zuwa Harobanda, ya san abin da taksi da faba-faba ke ci masa a wata. Mai moto ya san wahalar layin gidan mai da aka sha a watan Maris na 2025, duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011. Cika batirin keke ɗaya kuwa bai kai cin kilowat ɗaya na wuta ba, kuɗinsa bai kai na rubu'in litar fetur ba. Saboda haka sha'awar keken lantarki tana da hujja. Tambayar da ta rage ita ce wanne za a saya, sabo ko na hannu. Ra'ayina shi ne wanda zai dogara da keken kullum don zuwa aji ko wurin aiki ya sayi sabo mai garanti a rubuce. In ƙarfinsa bai kai ba, ya sayi na hannu a kan farashin ƙarfensa kaɗai, ya ɗauka tun farko cewa sabon batir na jiransa a gaba.

Tunda mu ɗaliban harshe ne, mu fara duba kalmomin da ake cinikin da su. Kayan da aka yi amfani da su suna da sunaye da yawa a bakinmu. Akwai gwanjo da na hannu. Akwai ɗan Kwatano, wato abin da ya shigo ta tashar jirgin ruwan Binin. Maƙwabtanmu na Najeriya suna cewa Beljiyam, suna kuma cewa tokumbo, kalmar Yarabanci da ke nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. Masu Faransanci suna cewa France au revoir. Yawancin waɗannan sunaye suna gaya mana inda kaya ya fito ne, babu ɗaya da ke gaya mana sauran kwanan da ke gare shi. A ɓangaren sabo kuma muna da amsa-kama: sabo dal, sabo fil, sabo gal. Dukkansu suna siffanta abin da ido ke gani, ƙyalli da tsabta da leda da ba a ɓare ba. Kalmomin nan sun yi mana aiki shekara da shekaru saboda tsufan kayan da muka saba da su a fili yake. Riga takan koɗe, tukunya takan lotse, moto takan yi hayaƙi, bakanike kuma da kunnensa kaɗai yakan gane injin da ya gaji. Batir ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, kwalinsa na waje yana nan yadda yake ko da rabin ƙarfinsa ya tafi. Sayensa da ido kaɗai cinikin biri a sama ne.

Kekunan da ke shigowa ƙasashenmu, yawancinsu daga Sin, batir iri biyu suke ɗauke da shi. Na farko mai dalma ne, sau da yawa guda huɗu masu volt 12 da aka jera su ba da volt 48. Yana da nauyi, yana da araha, kuma yakan gaji bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 300. Na biyu mai lithium ne, mai sauƙin nauyi da tsada, wanda yakan jure cikawa tsakanin sau 500 zuwa 1000 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Mai zuwa jami'a kwana biyar ko shida a mako zai cika batirinsa kusan sau 250 a shekara. Ke nan mai dalma shekara guda da ƴan watanni ne, mai lithium shekara biyu zuwa huɗu. Wannan lissafi na wurin da yanayi ke da dama-dama ne. Zafi yana gaggauta tsufan batir iri biyun, mu kuwa a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, keken da aka ajiye a rana daga safe zuwa la'asar cikin bazara yana tsufa ko ba a hau shi ba.

Ga yadda abin ke shafar hanyar ɗalibi. Ƙarfin da batir ke ɗauke da shi ana samunsa ne idan aka ninka volt da lambar da ake rubutawa da Ah a jikinsa. Batir mai volt 48 da Ah 12 yana ɗauke da 576 a ma'aunin wat na awa. In keke yana cin 15 a kowane kilomita, sabon batir zai kai kilomita 38. Idan ya tsufa ya koma kashi 60 cikin ɗari, saura 345, wato kilomita 23. Wanda gidansu ke da nisan kilomita 10 daga jami'a, zuwa da dawowa 20 ne, rarar da ta rage masa kilomita 3 kacal. Yashin unguwa zai cinye ta, iskar hunturu in tana bugowa ta gaba za ta cinye ta, goyon aboki ɗaya zai cinye ta. Lambobin da ke jikin kwalin kuwa ba sa canzawa, 48 da 12 suna nan a rubuce har ranar da batirin zai mutu.

Yanzu a duba kuɗi. A ce sabon keke jikka 400 ne, na hannu jikka 250, sabon batir kuma jikka 150, domin a keke mai lithium batir kaɗai yakan ci kashi ɗaya cikin uku na farashi ko fiye. Wanda ya sayi na hannu yana murnar rage jikka 150, in batirin ya bar shi bayan wata huɗu ya kashe jikka 400 daidai da mai sabo, a kan tsohon ƙarfe da tsofaffin wayoyi, ba shi da takardar da zai koma da ita. Kuma an ɗauka ke nan ya samu batirin da ya dace da kekensa, abin da ba kullum yake yiwuwa ba, tunda kowane kamfani da irin kwalinsa da bakin cajinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ma ba ta kai mutum aji.

Kada wannan ya sa a ɗauka kalmar sabo ta isa shaida. Batir yana tsufa a ajiye. Mai dalma in ya daɗe ba caji yakan lalace har ya ƙi ɗauka, mai lithium in ya zauna watanni cikin zafi yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa da ba ya dawowa. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a 2023, kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da jira. Keken da ya yi makonni cikin kwantena, ya ƙara wasu watanni a shago mai rufin kwano, ana iya ɓare ledarsa a gabanka alhali batirinsa ya haura shekara. Mai shago zai ce sabo ne dal, kuma a ma'anar da muka saba ba wa kalmar gaskiya ya faɗa.

Nan ne darasin da muke yi a aji ke da amfani a kasuwa. Paul Grice, a maƙalarsa ta 1975, ya bambanta ƙa'idar faɗin gaskiya da ƙa'idar faɗin abin da ya wadatar. Dillalin da ya ce keke lafiyarsa lau, ko ya ce mai shi bai cika hawansa ba, ya kiyaye ta farko ya tsallake ta biyu, ya bar mai saye ya cike giɓin da fatansa. Keken da ba a cika hawa ba ma yana iya zama wanda batirinsa ya fi lalacewa, in an jingine shi babu caji. John Austin kuma, a littafinsa da ya fito a 1962, ya nuna cewa akwai maganar da ke siffanta abu, akwai wadda ke ɗaure mai yin ta, kamar alkawari. "Batirin nan garau yake" siffantawa ce, in ya mutu gobe sai a ce ƙaddara. "In bai kai ka kilomita 30 ba cikin wata shida, ka dawo da shi in canza maka" alkawari ne, in an rubuta shi an sa hannu ya zama abin riƙewa. Babban fifikon sabon keke a kan na hannu shi ne a shago ana iya samun irin wannan jimla ta biyu. Shagon da ya ƙi furta ta, sabonsa bai fi gwanjo da komai ba sai tsada.

Masu goyon bayan na hannu suna da magana, kuma ban raina ta ba. Suna cewa ɗalibin da ke jiran bursi, ko wanda iyaye ke aiko masa da ɗan abin da ya samu daga ƙauye, ina zai ga kuɗin sabo? Suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohon keke mai ƙwarin ƙarfe ya fi sabon da aka yi da kwano. Gaskiya ne ta fuskar ƙarfe. Injin da ke cikin cibiyar taya ba shi da sassa masu gogayya da yawa, yakan daɗe, birki da taya da sarƙa kuwa kowane mai gyaran keke a bakin titi zai iya da su. Haka nan keke mai batirin dalma ya fi sauƙin saya a hannu, domin batir mai volt 12 ba baƙo ba ne a kasuwanninmu, ana iya sanin farashin guda huɗu kafin a fara ciniki. Kuma in mai sayarwa abokinka ne da ka ga ranar da ya saya, ka san inda yake ajiyewa, ka san tarihin batirin ke nan. Duk wannan bai rushe maganata ba, ya nuna ne kawai sharaɗin da na hannu ke zama ciniki mai kyau: a san tarihinsa, ko a cire kuɗin batir daga farashi.

Wanda ya yanke shawarar sayen na hannu, to gani ya kori ji. Ya nemi a cika batirin a gabansa, sa'an nan ya hau ya bi ainihin hanyar da zai riƙa bi, daga gida zuwa jami'a ya dawo, ya ga abin da ya rage. Zagaye ɗaya a ƙofar shago ba ya nuna komai, domin gajiyayyen batir ma yana da ƙarfi a mintoci goman farko. Ya lura ko alamar caji tana faɗuwa farat ɗaya in ya hau tudu. Ya taɓa kwalin ya ji ko ya kumbura, ya duba ko an taɓa buɗe shi, ya tabbata cajar ta asali ce, saboda batirin lithium da aka yi wa ɗori ko aka haɗa da cajar da ba tasa ba yana iya kamawa da wuta, a ɗakin ɗalibai kuwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ya nemi takardar sayen farko, wadda za ta nuna masa shekarun keken ta kuma kare shi daga sayen kayan sata. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da gwajin hanya ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma batun wuta, wanda ya shafi mai sabo da mai tsoho baki ɗaya, sai dai ya fi cutar da mai tsoho. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasa ke amfani da shi, har zuwa Maris na 2024. Ko a yanzu ɗaukewar wuta cikin bazara ba labari ba ne. Batir mai rara yana iya kwana ba caji ya kai mai shi aji washegari. Wanda ya tsufa, dare ɗaya ba wuta ya isa ya mayar da mai shi bakin titi neman taksi, watakila a safiyar jarrabawa.

Abokin namu ya sayi sabon batir a ƙarshen watan Mayu, da bashin da ya ci a wurin yayansa. Yanzu yana zuwa aji a kan lokaci, yana ajiye keken a inuwar dogon yaro, ba ya sa shi caji sai ya huce. Da muka haɗa masa lissafin abin da ya kashe gaba ɗaya, ya zarce kuɗin sabon keken da ya ƙi saya da fari. Duk wanda ya zo masa da shawarar saye yanzu, tambaya ɗaya yake koya masa ya yi wa mai sayarwa: kilomita nawa za ka rubuta mini a takarda?